Nomau da Ƙafar Lokotoro

An haifi Nomau a bakin gona ranar noman fari, a wani ƙauye bayan Gangara wanda ba za a kama sunansa ba, don mutanen garin saurin fushi gare su, kuma duk dangi ne. Ungozomar da ta karɓe shi ta rantse har ta bar duniya cewa kunnuwa ne suka fara fitowa, sai da aka zauna aka sha fura aka wanke ƙwarya kafin sauran yaron ya biyo baya.

Kunnuwan nan ba su taɓa jiran mai su ba. Shi ya tsaya girma yana ɗan shekara sha biyar, su kuwa suka ci gaba. Taubasansa suna cewa in zai shiga ɗaki, su ke fara yin sallama, kuma in iska ta taso a kasuwar Gazawa sai an riƙe masa gefen riga kada a tsince shi a Tasawa. Amma fa ba girman banza ba ne. Nomau yana gona yake jin matarsa Dija ta ɗaga murfin tukunya a gida, har ya san ko tsoka ta ɗauka ko romo kawai ta kurɓa. Shekararsu ashirin tare, baiwar Allah ba ta taɓa samun damar yin gunaguni a ɓoye ba.

Lakol, wato makarantar boko, shekara uku ya yi. Ya iya ƙidaya da faransanci har ɗari, ya iya cewa “wi mushe”, daga nan ubansa ya ce wannan ilimin ya isa gida ɗaya, a zo a kama hauya. Da ya kai ashirin da biyu aka buɗe gidan likita a garin, ɗaki biyu da rumfa, aka nemi wanda zai riƙa shara, ya ɗebo ruwa, ya dafa allurai a tukunya. Nomau ya samu aikin saboda shi kaɗai ne bai gudu ba da ya ga jini.

Mai gidan likitar shi ne Manjo Abdulaziz, babban ma'aikacin jinya, mutumin Tibiri, dogo mai tsagen Gobir da murya kamar ana mirgina ganga. Mutum ne da ya san aiki. Daga yadda tsoho ya zauna ya nemi ruwa sau uku kafin a gama gaisawa, Manjo zai ce, “Baba, da dare sau nawa kake fita bayan ɗaki?” sai ka ga ya kamo ciwon sukari tun bai ci ƙafa ba. Yana da abin awon jini guda ɗaya tak, wanda mutane ke kira abin tansiyo: ɗamara da ake naɗawa a damtse, robar da ake matsawa ta hura iska, da ɗan agogo mai allura. Ga kuma abin saurare da yake ratayawa a wuya ko masallaci za shi.

Wata rana Manjo ya manta abin sauraren a kan tebur. Nomau ya jingine tsintsiya, ya waiga hagu da dama, ya soka a kunne, ya ɗora bakin a ƙirjinsa. Nan take ya zube a ƙasa. Ya ce ji ya yi kamar mata huɗu suna dakan gero a cikinsa. Manjo ya shigo ya same shi zaune ido waje, ya yi dariya har da hawaye, sannan don nishaɗi ya nuna masa yadda ake awo: ka hura har jini ya tsaya, ka saki iska a hankali, inda ka fara jin bugu ka dubi allura, shi ne na sama, inda bugun ya ɓace, shi ne na ƙasa. Sha biyu bisa takwas, lafiya lau. Sha takwas bisa sha ɗaya, a bar gishiri a fara magani.

Tun daga ranar Nomau ya kamu. Wani yana son mata, wani yana son dambe, shi abin da yake so a duniya ya sa kunne a hannun mutum ya ji jini yana magana. Ya auna Dija, ya auna surukarsa, ya auna liman. Har jakin maƙwabci ya so ya auna, jakin ne bai ba da haɗin kai ba.

Ana nan Manjo ya kwanta wani zazzaɓi mai zafi, aka yi masa allurar kinin har ba adadi. Ya tashi, ya dawo aiki da muryarsa da komai, amma ya baro kunnuwansa a gadon jinya. Nomau ne ya fara ganewa, ranar da tukunyar allurai ta suɓuce masa a bayan Manjo, ƙarar ta kori kajin unguwa, Manjo ko ƙiftawa bai yi ba. Mutanen gari ba su gane ba. Da ma mutumin da ƙarfi yake magana, kuma ya iya karanta laɓɓa in kana gabansa. In bai kama zancen ba sai ya gyaɗa kai ya ce, “To, madalla.” Wata mata ta ce masa kura ta ɗauke mata tunkiya, ya ce madalla. Aka ce ai girman kan manyan ma'aikata ne.

Shi da Nomau ba su taɓa yin zancen ba, ko sau ɗaya. Kawai wata safiya Manjo ya miƙa masa abin saurare ya ce, “Je ka shirya mini mara lafiya.” Nomau ya shiga bayan labule, ya auna, ya ji abin da ya ji. Manjo ya shigo da farar rigarsa, ya sake naɗa ɗamara, ya soka abin a kunne, ya haɗe gira kamar mai sauraron labarin Yamai a rediyo. Sai matsala ta taso: ta yaya lambar za ta tashi daga kan Nomau ta shiga kan Manjo, alhali raɗa ba ta da amfani?

Gyaɗa suka fara gwadawa. Nomau zai jera ta a faranti a gefen tebur: ta dama a ɗora a kan goma, ita ce ta sama; ta hagu ita ce ta ƙasa. Abin ya yi sati biyu yana tafiya sumul. Ranar kasuwa Alhaji Chindo mai shanu ya zo kansa na sarawa, Nomau ya ji sha takwas, ya jera gyaɗa takwas a dama. Manjo kuwa bai karya ba. Yana haɗe gira yana saurare, hannunsa ya tafi faranti da kansa. Kafin ya buɗe baki jinin Alhaji ya sauko zuwa sha biyar. Nomau ya yi tari, ya yi gyaran murya, ya buga ƙafa, duk a banza. Sai da ya bi Alhaji da gudu har turken shanu ya ce masa Manjo ya ce a dawo, agogon ne bai farka ba. Daga ranar aka koma ƙullin auduga, tunda ita ba ta haɗiyuwa.

Shekara shida suka yi a haka. Nomau ke ji, Manjo ke faɗa, Manjo ke ba da magani. Sunan Manjo ya kai har Sae Sabuwa, ana cewa awonsa ba ya kuskure. Nomau bai damu da suna ba. Shi dai a bar masa damtsen mutane.

Sai dimokuraɗiyya ta shigo. Aka yi Taron Ƙasa a Yamai, wata da watanni kowa kunnensa a rediyo, ana tone-tone, manya suna amsa tambaya kamar ƴan lakol. Da aka watse, sai kowa a ƙasar ya gano ashe yana da bakin magana. Masu amalanke suka kafa ƙungiya, mahauta suka kafa, masu aski suka kafa biyu don sun kasa shiryawa a kan shugaba. Ko a gida ka ce a miƙo maka buta, sai yaro ya ɗaga hannu ya ce “mosiyo”, wato yana da ta cewa kafin a zartar. Ma'aikatan lafiya na yankin Agye da Gidan Runji su ma suka ce ba za a bar su a baya ba. Suka kafa tasu mai dogon suna da ba ya shiga numfashi ɗaya, jama'a suka yanke shi suka ce Ƙungiyar Jini da Sukari. Nufinsu mai kyau ne: ma'aikacin ƙauye ya daina zama shi kaɗai da cutar da ba ta da ƙurji ba ta da zazzaɓi, a riƙa haɗuwa ana koya wa juna, a nemo kayan aiki a raba.

Takardar ƙungiya ta iso wata Talata. Manjo ya karanta sau biyu, ya zauna, ya fassara wa Nomau da muryar da yake zaton raɗa ce, har masu jiran allura a rumfa suka ji rabi. Za a yi taro a Agye ranar Asabar. Kowane gidan likita zai samu sabon abin awo da takardun gwajin fitsari na masu sukari. Amma ba za a damƙa kayan ba sai ga mai katin ƙungiya, kati kuwa sai mai difilom, kuma sai ya ci gwaji a gaban shugabar ƙungiya, Lokotoro Zakiyya, babbar likita daga Maraɗi. Gwajin da wani abin saurare ne mai kai biyu: kai kana ji, ita tana ji, a hannu ɗaya, a lokaci ɗaya.

Nomau ya dubi tsohon abin awonsu. An liƙe ɗamarar da facin keke a wuri bakwai, in aka hura tana fito kamar makiyayi. Ba za ta ga damina ba. In Manjo ya faɗi gwaji, babu sabo, kuma in wannan ta mutu, kunnen Nomau da hannun mutane sun yi ban kwana. Shara kawai za ta rage masa.

Ya koma gida ya kasa cin tuwo.

“Malam, mi ya faru? Ko wani ya mutu?” in ji Dija.

“Tansiyo za su ƙwace.”

“To, alhamdu lillahi, hannuna ya huta. Kullum a matse ni kamar ana tatsar nagge.”

“Dija, ba wasa nike ba.”

“Ni ma ba wasa nike ba. Ka tahi ka gaya musu kai ke ji mana. Ba an ce yanzu kowa ya faɗi gaskiya ba?”

“In tona Manjo a gaban yaran da ya girme wa ubanninsu? Saura wata takwas ya ajiye aiki ya huta.”

Dija ta ja kwanon gabanta. “To zauna da yunwa kai da Manjonka. Allah ya ba ka kunne ya hana ka baki.”

Ranar Asabar da sassafe suka hau tsohuwar moto mai ƙafa biyu ta gidan likita, Nomau na tuƙi, Manjo a baya rungume da jaka. Sun wuce Gazawa kaɗan dabara ta faɗo wa Nomau, har ya kusa shiga cikin geza. Ya tsaya ƙarƙashin wani gawo, ya juyo ya fuskanci Manjo don ya ga bakinsa.

“Manjo! Ai dole sai an samu hannun da za a auna! Ni zan ba da nawa!”

“Naka mi?”

“Hannu! In an saki iska, ni ina jin bugun a cikin damtsena, ba sai da abin saurare ba! Bugun farko in taka maka ƙafa, ka dubi allura! Na ƙarshe in sake takawa!”

Sai da ya maimaita sau uku, yana ƙara murya, har wani Bafillace da ke kiwo can nesa ya matso da sandarsa a kafaɗa ya ce in dai taka ƙafa ne, gara a cire takalmi, an fi ji. Suka yi masa godiya. Wannan shi ne karo na farko a shekara shida da suka yi zancen kunnen Manjo da baki, kuma rabin dajin Gazawa ya zama shaida.

A Agye aka ba su aron ajin lakol. Ma'aikata ashirin da bakwai suka hallara, wasu a moto, wasu a motar kasuwa, na Gidan Sori ma a amalanke ta ƙarasa. Sa'a biyu aka kwashe ana mosiyo a kan ko a buɗe taga ko a rufe. Mai riƙe da littafin dokoki shi ne magatakarda Idrisa, saurayi mai tabarau da biro huɗu a aljihu, wanda ya haddace dokokin ƙungiya fiye da sunayen ƙannensa. Yana ganin Nomau a bakin ƙofa ya tare.

“Malam, kati?”

“Ni direban Manjo ne.”

“Direbobi a waje, gindin itacen bedi.”

Nomau ya koma gindin bedi ya zauna. Idrisa bai san cewa ga mai irin waɗannan kunnuwa, gindin bedi da kujerar gaba duk ɗaya ne ba. Daga nan ya saurari darasin safe kaf. Lokotoro Zakiyya ƴar ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗar Manjo ba, amma in ta yi magana ko ƙuda sai ya sauka ya saurara. Ta yi bayanin gishiri da kanwa, ta yi bayanin yadda hawan jini ke zama a jikin mutum shekaru shiru kafin ya kayar da shi a gona. Da ta ce a daina auna mutum yana shigowa daga rana, a bar shi ya huta tukuna, Nomau ya gyaɗa kai shi kaɗai har wata akuya ta tsaya tana kallonsa.

Bayan azahar aka zo gwaji. Aka shimfiɗa wa teburin mushe, malamin ajin, wani zane da ya sauka har ƙasa. Lokotoro ta fito da abin nan mai kai biyu ta ce, “Wa zai ba mu aron hannu?” Ba ta rufe baki ba Nomau yana tsaye a tsakiyar aji ya naɗe hannun riga. Idrisa ya buɗe littafi ya duba, bai ga dokar da ta hana direba ba da hannu ba, ya zauna yana jin haushi.

Mutum huɗu suka yi gwaji a hannunsa suka wuce. Sai aka kira Manjo Abdulaziz.

Ya taso da girmansa, ya zauna, ya zame takalmi ɗaya a ƙarƙashin zane ya miƙe ƙafa kamar yadda aka shirya. To igiyar abin sauraren gajera ce, dole Lokotoro ta jawo kujera ta matso kusurwar tebur tsakaninsu. Ga zafi, ga sabon takalmi yana cizonta tun safe, ita ma ta zame nata ba wanda ya sani. Nomau ya tura babban yatsa yana lalube a ƙarƙashin zane, ya ci karo da ƙafa. Ya ji ta da laushi. Ya ce a ransa, “Kai, Manjo, har da man kaɗe aka shafa saboda taro.”

Manjo ya hura, ya fara sakin iska. Nomau ya rufe ido ɗaya, ya bar ɗaya a kan allura. Zuciyarsa tana dukan ƙirji kamar za ta fito ta riga shi komawa gida. Bugun farko ya zo a sha bakwai. Ya danna yatsa. Lokotoro ta ɗan zabura, amma ba ta ɗaga kai ba. Allura ta ci gaba da sauka, bugu ya ɓace a goma. Ya sake dannawa, wannan karon da ƙarfi, don kada a ce ba a ji ba.

Allura ta sauka har ƙasa. Iska ta ƙare. Manjo yana nan zaune, gira a haɗe, ƙafarsa miƙe a ƙarƙashin tebur tana jiran saƙon da ya sauka gidan maƙwabta.

“Baba Manjo, nawa ka ji?” in ji Lokotoro.

Manjo ya ga bakinta, ya gane tambayar. Ya dubi Nomau. Idon Nomau yana cewa, ai na taka. Idon Manjo yana cewa, ka taka wa? Nomau ya sunkuya ya ɗaga gefen zane kaɗan. Abin da ya gani a ƙarƙashin yatsansa ƙafa ce ƴar ƙarama mai jan lalle. Ya ji duk jinin da aka auna ya bar jikinsa.

Manjo yana iya cankar lamba. Mutum siriri kamar Nomau, kowa zai ce sha biyu bisa takwas, kuma Nomau ya ga lambar ta taho har bakinsa. Sai ya ga ya haɗiye ta. Ya zare abin daga kunne, ya ajiye a hankali, ya miƙe da takalmi ɗaya.

“Madam Lokotoro,” ya ce, tagogi suna rawa, “ban ji komi ba. Yau shekara shida ke nan ban ji ba. Wanga da kuka ce ya zauna gindin bedi, shi ke ji. Ni faɗa kawai nike.”

Duk ido ya koma kan direba. Nomau ya so ƙasa ta tsage.

Lokotoro ta zare nata, ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. “Kai kuma, malam, mi ƙafata ta yi maka?”

“Ranki ya daɗe... ɓatan hanya ne.”

Wata ungozoma ta fara fashewa, sai ajin duka ya ɗauka, har wani ya faɗo daga benci. Lokotoro ta jira suka lafa.

“Sau biyu ya taka ni,” ta ce. “Na farko a sha bakwai, na biyu a goma. Abin da na ji ke nan, ba ƙari ba ragi. Kuma shi ba komi a kunnensa.” Ta dubi Nomau. “Sha bakwai ɗin ma tsoro ne, ɗazu sha biyu kake. In ka huce za mu sake.”

“Mosiyo!” Idrisa ya miƙe da littafi. “Doka ta huɗu. Ba a ba da kati sai ga mai difilom. Wannan mai shara ne. In muka buɗe ƙofa, gobe mai gadi zai zo ya ce zai yi tiyata.”

Sai ungozomar nan ta Gidan Sori, Latifa, mace mai jiki wadda ta karɓi haihuwar rabin yankinsu, ta ɗaga hannu ba ta jira an ba ta dama ba. “Idrisa, ɗana, zauna kada biro ya zube. Ni in ina ɗakin haihuwa, kana zaton aljani ke duba fitsarin masu ciki? Yarinyar da ke wanke mana zannuwa ce, ni na koya mata.” Wani daga Sae Sabuwa ya ce shi ma in ya tafi rigakafi ƙauyuka, mai gadinsa ke wanke gyambon masu sukari. Kafin ka ce me, ajin ya koma ƙaramin Taron Ƙasa, kowa yana tona kansa. Ashe kusan kowane gidan likita akwai wani Nomau a bayan labule.

Lokotoro ta buga tebur. Ta matsa gaban Manjo inda zai ga bakinta sosai ta ce masa abin da suka yi akwai haɗari, kuma ya sani. Manjo ya sunkuyar da kai ya ce ya sani. Ta ce amma mutumin da aka ajiye a ƙauye shekara shida ba wanda zai kai wa kukansa, ba shi kaɗai ke da laifi ba, kuma don irin haka aka kafa ƙungiyar. Ta ce a taro na gaba shi zai koyar da darasin duba ƙafar masu sukari, don ta ji labarin idonsa tun daga Maraɗi, kuma wannan aikin ba ya neman kunne. Sannan ta miƙa wa Nomau kai ɗaya na abin sauraren.

“Zauna. Amma ka naɗe ƙafafunka a kan kujera.”

Hannu goma sha ɗaya ya auna, ita tana ji tare da shi tana rubuta nata a ɓoye. Sau goma sha ɗaya lamba ta zo ɗaya. Idrisa ya ce ai sa'a ce, ya naɗe hannun rigarsa ya ce a gwada a kansa. Nomau ya naɗa, ya hura, ya saurara, ya daɗe bai ɗago ba.

“Sha uku bisa takwas,” ya ce. “Amma, mushe, zuciyarka tana yin bakwai ta tsallake ɗaya. Kamar jakin da ke ɗingishi.”

Idrisa ya dubi Lokotoro yana jiran ta ƙaryata. Ta sake saurare ta ce haka ne, mai yiwuwa ba wani abu ba ne, amma ya rage shayi kuma ya same ta Maraɗi ranar Litinin. Idrisa ya zauna dafe da ƙirji yana ƙirga bakwai-bakwai. Can ya zaro biro, ja ma kuwa, ya rubuta gyaran doka da hannunsa: ƙungiya za ta karɓi mataimaka marasa difilom, in sun yi sati uku na horo kuma sun ci gwaji, su auna su rubuta, magani kuwa sai ma'aikacin jinya. Sabon abin awo zai tafi ƙauyen su Nomau a hannun Nomau.

Saura ƙuri'a, don a wannan zamanin ko atishawa sai an kaɗa mata ƙuri'a.

“Waɗanda suka yarda!” in ji Idrisa.

Hannu ashirin da shida suka tashi. A daidai lokacin Manjo yana ƙarƙashin tebur yana neman takalminsa da aka shure cikin hayaniya. Ya same shi, ya fito yana haki, hannuwa sun riga sun sauka.

“Waɗanda ba su yarda ba!”

Manjo ya ga Idrisa ya ɗaga biro yana duba aji, ya gane lokacin ƙuri'a ya yi. Ya ce a ransa ba wanda zai riga shi tsaya wa Nomau. Ya cilla hannu sama har da miƙewa tsaye, takalmi a ɗaya hannun, yana yi wa Nomau murmushi duk haƙora waje.

“Ashirin da shida sun yarda, ɗaya ya ƙi,” in ji Idrisa, ya rubuta. Aka yi ca a kansa ana cewa ya goge. Ya ce ƙuri'a ƙuri'a ce, ba a taɓa ta, abin da aka yi wata uku ana faɗa a Yamai ke nan.

Nomau ya yi satinsa uku a Maraɗi, ya dawo da kati mai hoto, hoton da mai ɗauka ya ja baya sau biyu kafin komai ya shiga. Shekara ashirin da ɗaya ya yi yana awo a fili, ba labule, a ƙarƙashin manjo huɗu, kuma ya koya wa mataimaka da dama daga Gangara har Gidan Runji. A littafin ƙungiya kuwa har yau an rubuta cewa mutum ɗaya ne ya ƙi shigarsa.

A ranar dai, da la'asar sakaliya, suna kan hanyar gida da sabon abin awo ɗaure a ƙirjin Nomau kamar jariri, abin ya ci gaba da cin sa. Ya rage gudu, ya karkato kai baya, ya kwarara murya iya ƙarfinsa.

“Manjo! Duk ajin nan kai kaɗai ka ƙi ni!”

Manjo ya bubbuga masa kafaɗa.

“Haba, ba sai ka gode ba, Nomau. Ai ka cancanta.”